TAƘAITACCEN TARIHIN MUHAMMADU KANTA, SARKIN KABI NA FARKO, MAI JIRGIN JAN ƘARFE

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, al'ada ce a ɗan littafi irin wannan a keɓe wasu shafuka domin tunawa da ɗaya daga cikin magabata, don na baya su san tushen da suka tsaya a kai. Mu mutanen Geza da sauran garuruwan ƙasar Bagudo, Allah ya zaunar da mu a yankin da Kogin Kwara ya ratsa, kusa da iyakar Nijeriya da Jamhuriyar Benin. Abincinmu da kasuwancinmu da zumuncinmu duk suna da alaƙa da ruwa. Saboda haka muka ga ya dace mu kawo tarihin mutumin da ya fi kowa shahara da sanin ruwa da jiragensa a wannan nahiya tamu, watau Muhammadu Kanta, wanda ya kafa daular Kabi, wanda kuma jiharmu ta ci sunan ƙasarsa tun da aka ƙirƙire ta ranar 27 ga Agusta, 1991.

ASALINSA DA TASHINSA

Ruwayar Kabawa ta nuna cewa mahaifinsa, wanda ake kira Makata, ya zauna a Kuyambana cikin ƙasar Katsina, mahaifiyarsa kuwa 'yar gidan sarautar Katsina ce. Da mahaifin ya rasu, ba a ba Kanta sarautar gidansu ba. Bai tsaya jayayya da 'yan'uwansa ba, sai ya kama hanya ya yi yamma, ya shiga kiwon shanu tare da Fulani. A can ne ƙarfinsa ya bayyana. An ce babu wanda ya iya kai shi ƙasa a fagen dambe ko na kokawa, har samari suka dinga taruwa gare shi suna binsa duk inda ya sa gaba.

Da jama'arsa ta yi yawa, ya zauna a wani gari da ake kira Leka, a kwarin Gulbin Kabi. Daga sunan wannan gari ne zuriyarsa suka sami laƙabin Lekawa, wanda ake kiransu da shi har yau. Malamin Tambutu, Abdurrahman Assa'adi, wanda ya wallafa Tarihus Sudan wajen 1655, da sunan Sarkin Leka ya ambace shi. Wannan littafi, da Infaƙul Maisuri na Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, su ne manyan littattafan da suka adana mana labarinsa a rubuce.

ƘASAR RUWA

Wanda bai san yanayin ƙasar Kabi ba, ba zai gane sirrin nasarar Kanta ba. Gulbin Rima da Gulbin Sakkwato suna haɗuwa kusa da birnin Sakkwato, su gangaro kudu maso yamma ta Argungu da Birnin Kabi da Bunza, su karɓi ruwan Gulbin Zamfara da na Gulbin Ka, kana su zube cikin Kwara ba nisa da mu. Idan damina ta yi nisa, gulbin yakan cika ya malale bisa fadama mai faɗin gaske, garuruwa su koma tamkar tsibirai. A wannan lokaci doki ba ya da wani amfani, raƙumi kuwa ko kusa ba ya zuwa. Mai jirgi shi ne mai hanya.

Tun kafin Kanta akwai mutanen da ruwan nan ya zame musu gida. Akwai Kabawa masunta da manoman shinkafa, akwai kuma Sarkawa, waɗanda mutanen Songai ke kira Sorko, masu farautar dorina da kada da ayu. Su ne suka san inda ruwa ke da zurfi da inda za a iya takawa, suka san lokacin cikowa da lokacin janyewa. Hikimar Kanta ita ce ya jawo waɗannan mutane jikinsa, ya mai da saninsu ƙarfin daula. Sarakuna da yawa na zamaninsa bisa dawaki kaɗai suka dogara. Shi kuwa ya haɗa doki da jirgi.

A RUNDUNAR ASKIYA

A wancan zamani babu daular da ta kai Songai ƙarfi a Yammacin Afirka. Babban birninta Gawo ne, a bakin Kwara, sarkinta kuwa Askiya Muhammadu, wanda ya hau mulki a 1493, ya yi aikin hajji a 1496 zuwa 1497. Daular tana da rundunar jiragen ruwa, da babban hafsa mai kula da ita wanda ake kira Hi-koi. Lardinta na kudu maso gabas shi ne Dandi, watau maƙwabtanmu na wajen Gaya da Karimama da Kamba, kuma hakimin wannan lardi, Dandi-fari, yana cikin manyan sarakunan yaƙi na Askiya. Ko a 1505 zuwa 1506 rundunar Songai ta zo yaƙi ƙasar Bargu, ta yi hasarar manyan jarumai masu yawa.

Kanta ya kasance cikin masu taimakon Askiya da mayaƙa. Da Askiya ya ɗaura yaƙi zuwa Agadas a 1515, Kanta ya tafi da jama'arsa, aka yi gumurzu tare, aka ci nasara tare. Da aka komo sai aka yi shiru game da rabon ganima. Assa'adi ya ba da labarin cewa Kanta ya tuntuɓi Dandi-fari a kan maganar, shi kuwa ya gargaɗe shi da cewa neman rabo wurin Askiya daidai yake da tawaye. Kanta ya yi haƙuri ya koma. Amma mutanensa, waɗanda suka bar iyalinsu suka ratsa hamada, ba su yarda ba. Ya sake komawa, aka sake hana shi. Daga nan sai aka ja daga, aka yi kazamin faɗa, Kanta ya fita daga biyayyar Songai a 1516 zuwa 1517. Ruwayoyi sun ambaci Tara a matsayin wurin da aka yi wannan karo.

Ya kamata mai karatu ya lura da abin da ya haddasa wannan rabuwa. Kanta yana iya yin shiru ya ci gaba da zama ɗan gaban goshin Askiya, haƙƙin mabiyansa ya bi ruwa. Ya zaɓi ya tsaya tare da waɗanda suka sha wahala a bayansa, alhali kuwa ya san daular da zai fuskanta ta fi shi yawan dawaki da dukiya nesa ba kusa ba. Wannan tsayawa ita ce harsashin daular Kabi.

KARE ƘASA

Songai ba ta ƙyale shi ba. A shekarar da ta biyo baya Askiya Muhammadu ya aiko da runduna, ta komo ba tare da biyan bukata ba. Bayan an tuɓe shi a 1528, ɗaya daga cikin magadansa, Askiya Muhammadu Bunkan, wanda ya yi mulki daga 1531 zuwa 1537, ya fito da kansa. Aka haɗu a wani wuri da ake kira Wantarmasa, Kanta ya fatattake su. Marubucin Tarihus Sudan, duk da kasancewarsa mutumin Tambutu, bai ɓoye yadda abin ya kasance ba. Ya nuna cewa a wajen gudu Askiya ya iske wata fadama da ta tare masa hanya, sai da Hi-koi, hafsan jiragensa, ya saɓa shi a wuya ya ƙetare da shi. Ashe ruwan da ya zame wa Kabawa garkuwa shi ne ya zame wa maharansu tarko.

An sake samun saɓani a zamanin Askiya Dawuda a 1552, amma a shekarar da ta biyo baya aka yi sulhu. Sarakunan Songai sun ci ƙasashe da yawa, amma har daularsu ta faɗi ba su sake mallakar Kabi da yaƙi ba.

Da ya sami natsuwa ta wajen yamma, sai Kanta ya juya gabas da arewa. Sarkin Musulmi Bello ya lissafa Katsina da Kano da Gobir da Zazzau da Azbin cikin ƙasashen da ikonsa ya kai gare su. Ta haka Kabi ta zama katanga tsakanin manyan dauloli biyu, Songai a yamma da Barno a gabas, ƙasar Hausa kuwa ta sami sararin bunƙasa kasuwancinta da garuruwanta.

JIRAGEN KABI

Abin da aka fi tunawa da Kanta a bakin jama'a shi ne jirginsa. Ruwaya ta ce ya sa an yi masa wani babban jirgi aka lulluɓe shi da jan ƙarfe, mutum 50 ke tuƙa shi da filafilai, a cikinsa yake zagaya garuruwansa idan ruwa ya cika. Mai karatu ya dubi abin da irin wannan jirgi ke bukata: masassaƙa da suka san itace, maƙera da suka iya bugun jan ƙarfe, fatake da za su kawo ƙarfen daga nesa, da matuƙa hamsin da aka horar har hannunsu ya zama ɗaya. Jirgin shaida ne na ƙasar da ta girmama masu sana'a.

Sunan jiragen Kabi ya wuce iyakarta. Ƙasashen Gawo da Tambutu suna bakin hamada, ba su da manyan itatuwa irin su maɗaci da kawo waɗanda ake sassaƙa jirgi da su, saboda haka daga kudu ake kai musu manyan jirage. Littafin Tarihul Fattashi ya nuna cewa a 1591, lokacin da ake shirin kwashe mutanen Gawo zuwa ƙetaren kogi, akwai manyan jirage 400 a mashigin birnin na irin da ake kira kanta, ban da sauran ƙanana. Masana tarihi suna danganta wannan suna da sarautar Kabi. Ke nan sunan mutumin da ya yi kiwon shanu a dajin yamma ya zama sunan jirgi a bakin mutanen da suka yaƙe shi.

BIRNIN SURAME

Kanta ya gina garuruwa uku da suka shahara, watau Leka da Gungu da Surame, ya mai da Surame babban birninsa. Kufansa yana cikin Ƙaramar Hukumar Binji ta Jihar Sakkwato a yau. An gina ganuwarsa da duwatsu da jar ƙasa, abin da ba a saba gani ba a ƙasar Hausa, inda aka fi gina ganuwa da tubali da laka. Sarkin Musulmi Bello, wanda ya rubuta littafinsa a 1812, kimanin shekara ɗari bayan an tashi daga birnin, ya shaida cewa kufan garuruwan Kabi ya zarce duk wanda suka taɓa gani.

Gaskiyar tarihi ta wajabta mana mu faɗi cewa da aikin tilas aka yi wannan gini. An raba ganuwar kashi-kashi, kowace ƙasa da ke ƙarƙashinsa da nata rabon. Ruwayar baka ta ce Nufawa sun makara, sai aka hana su ruwan kwaɓa ƙasa, aka ce su kwaɓa da man kaɗanya. An kuma ce an ɗora wa Azbinawa ɗauko ruwa da rairayi bisa raƙuma tun daga ƙasarsu. Ko da an yi ƙari a cikin irin waɗannan labarai, sun isa su nuna cewa mutane sun ji nauyin hannunsa. Kanta jarumi ne mai kishin jama'arsa, amma sarki ne mai tsanani ga waɗanda ya ci da yaƙi. Ba mamaki da ƙasashen Hausa suka daina kai gaisuwa Surame ba da daɗewa ba bayan ya kau.

RASUWARSA

A ƙarshen zamaninsa rundunar Barno ta zo ta kewaye Surame, amma ba ta iya shiga ba, ta janye. Kanta bai zauna ba, ya bi sawunsu har Nguru, aka yi ta karawa yana samun galaba. A kan hanyarsa ta komowa gida, a wani wuri da ake kira Dugul cikin ƙasar Katsina, aka harbe shi da kibiya. Raunin ya yi tsanani, ya cika a Jirwa, mutanensa suka ɗauko gawarsa suka kawo Surame suka rufe. Wannan ya faru wajen 1556, bayan ya yi kimanin shekara arba'in bisa mulki. Mutumin da manyan rundunoni suka kasa, kibiya guda ta yi ajalinsa, a ƙasar da aka haifi mahaifiyarsa.

GIDAN DA YA BARI

Ɗansa Ahmadu ne ya gaje shi, aka miƙa mulki daga uba zuwa ɗa ba tare da daula ta wargaje ba. Wannan ba ƙaramin abu ba ne idan aka dubi gidan Askiya, inda 'ya'ya suka tuɓe mahaifinsu da ya tsufa, aka kai shi wani tsibiri cikin Kwara, suka shiga kashe juna a kan gado. Kanta ya tashi ba a ba shi sarautar gidansu ba, amma ya bar gidan da ya iya riƙe kansa.

An gwada wannan gida bayan 1591, shekarar da sojojin Sarkin Maroko Ahmadul Mansur, masu bindigogi, suka karya rundunar Songai a Tondibi. Ragowar mutanen Askiya suka gangaro Dandi, suka ci gaba da faɗa ƙarƙashin Askiya Nuhu. Wasiƙar da Mansur ya aiko wa Kanta Dawuda, Sarkin Kabi na lokacin, tana nan a adane har yau. A cikinta ya zarge shi da ba 'yan gudun hijirar Songai mafaka da taimaka musu da mayaƙa, ya nemi ya miƙa su, ya kuma nemi a riƙa aika masa da jirage kamar yadda ake aika wa Askiya, in ba haka ba ya kawo yaƙi. Wannan wasiƙa ta tabbatar da abu biyu. Na ɗaya, jiragen Kabi suna da darajar da har Sarkin Maroko ya san da su. Na biyu, zuriyar Kanta sun buɗe ƙofa ga jikokin waɗanda suka yaƙi kakansu, lokacin da masifa ta same su. Sojojin Maroko ba su taɓa mallakar Kabi ba.

A farkon ƙarni na 18 aka tashi daga Surame aka koma Birnin Kabi. A 1805 mayaƙan jihadi ƙarƙashin Malam Abdullahi ɗan Fodiyo suka ci birnin, daga baya Lekawa suka kafa sabon mazauni a Argungu. Aka daɗe ana yaƙi tsakaninsu da Gwandu da Sakkwato, ana yi ana sulhu, kamar Lafiyar Toga ta 1867. A 1934 Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai ziyara Argungu, aka shirya masa bikin kamun kifi don girmamawa, wannan ne kuma mafarin bikin da duniya ta san shi a yau, wanda hukumar UNESCO ta sa cikin jerin al'adun gado na 'yan Adam a 2016. Tsohuwar gaba ta mutu a bakin ruwa. Har yanzu zuriyar Kanta ke riƙe da sarautar Kabi a Argungu, bayan shekara fiye da 500, kuma tsohuwar fadar garin ta zama gidan adana kayan tarihi mai ɗauke da sunansa.

Mu da muke cikin masarautar Gwandu, babu abin da zai hana mu ambaton Kanta da alheri. Sarkin Musulmi Bello ya yaƙi jikokinsa, amma da ya ɗauki alƙalami bai tauye masa girmansa ba. Wannan adalci na malamai abin koyi ne.

ABIN DA YA RAGE GARE MU

Idan muka auna abin da Kanta ya bari, za mu ga ganuwar da aka gina da tilas ta zama kufai, itatuwa sun tsiro a cikinta, ko da yake Gwamnati ta sa ta cikin wuraren tarihi na ƙasa tun 1964. Ƙasashen da ya ci da takobi sun koma hannun masu su. Abin da ya wanzu shi ne gidan da ya tarbiyyantar, da jama'ar ruwa da ya ɗaukaka, da sana'ar jirgi wadda har gobe ake ci da ita daga Argungu zuwa Yawuri, daga Lolo zuwa Gaya da Malanbil. Yarjejeniyar Ingila da Faransa ta 1898 ta ja layi ta raba ƙasashen bakin kogin nan, amma ba ta raba dangi da kasuwanni ba, jirgi ne kuwa ke sada su.

Har ila yau, tarihi ya nuna cewa tun kafin jihadi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo da ƙanensa Malam Abdullahi sun zo wa'azi ƙasar Kabi, suka ƙetare Kwara har Illo. Ba a rubuta sunan mai fiton da ya ƙetare da su ba, amma da jirginsa ilmi ya iso wannan gefe. Kowane ɗayanmu yana da bashin irin waɗannan bayin Allah a wuyansa.

Saboda haka muke kira ga 'yan'uwa da kada a rena masunci da masassaƙin jirgi da mai fito, a kuma ƙarfafa wa yara gwiwa su koyi sanin ruwa daga dattawa tun suna raye, tare da karatun allo da na boko. Muna kuma kira ga masu jirage su riƙe amanar rayukan da ke hannunsu. Ba mu manta da ranar 26 ga Mayu, 2021 ba, ranar da wani jirgi ɗauke da mutum fiye da 150 ya tarwatse a Kwara kusa da Wara cikin Ƙaramar Hukumar Ngaski, kaɗan ne suka tsira, hukuma kuwa ta danganta abin da yawan lodi da tsufan jirgi. Ƙasar da ta taɓa aika wa Gawo da jirage bai kamata a san ta da irin wannan labari ba. A gyara jirgi kafin ya ɓalle, a tsaya ga lodin da zai iya ɗauka, a sa rigar kariya, a bar tafiyar dare da ta lokacin hadari. Fasinja kuma ya haƙura ya jira jirgi na gaba idan ya ga na farko ya cika.

Magidanci kuwa ya dubi yadda Kanta ya tsaya wa waɗanda ke ƙarƙashinsa har ya sa kansa cikin haɗari, da yadda ya bar magaji ba rigima. Kowa sarki ne a gidansa, kuma za a tambaye shi abin da aka ba shi kiwo.

Allah ya jiƙan magabatanmu, ya gafarta musu kurakuransu. Allah ya kiyaye matafiyanmu na ruwa da na tudu, ya zaunar da ƙasarmu da maƙwabtanmu lafiya, ya sa abin da muka aza harsashinsa ya amfani na baya. Amin.